Sunan Makami a Jikin Babur: Darasi Daga Tarihin Masana'antu

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Duk wanda ya dubi sunayen da masana'antun Ingila suka riƙa laƙaba wa baburansu a ƙarni na 20, zai tarar da yawa daga cikinsu sunayen kayan yaƙi ne, wato harsashi, da jirgin saman yaƙi, da rundunar sojan ƙundumbala. Abin tambaya a nan shi ne, daga ina wannan al'ada ta samo asali, kuma wace riba ta jawo wa masu ita?

Daga maƙerar bindiga zuwa maƙerar babur

Da farko dai dangantakar babur da makami ta jini ce. A shekarar 1861 waɗansu maƙeran bindiga na birnin Birmingham suka haɗa kai suka kafa kamfanin BSA, wanda ma'anar sunansa ita ce kamfanin ƙananan makamai na Birmingham. To, cinikin bindiga ciniki ne mai tashi da faɗuwa: in ana yaƙi gwamnati ta saya da yawa, in an zauna lafiya injuna su kwanta. Saboda haka kamfanin ya shiga ƙera kekuna, sa'an nan a 1910 ya fito da babur ɗinsa na farko. Tambarinsa kuwa bindigogi uku ne a jingine da juna.

Haka labarin Royal Enfield yake. Kamfani ne na garin Redditch da ya taɓa yi wa maƙerar bindigogin gwamnati da ke Enfield ƙananan kayayyaki, daga nan ya ari sunan. Wannan maƙera ce ta ba da sunanta ga bindigar Lee-Enfield, wadda sojojin Afirka ta Yamma, har da Hausawa masu yawa, suka riƙe a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin ya sa igwa a tambarinsa, ya kuma yi wa kayansa kirari da cewa ƙirar bindiga aka yi musu. A farkon shekarun 1930 ya raɗa wa wani babur suna Bullet, wato harsashi. A wannan zamani manufar irin wannan suna ita ce a shaida wa mai saye cewa hannun da ya saba auna bakin bindiga ba ya kuskuren awo.

Bayan 1945: cin gadon nasara

Yaƙin Duniya na Biyu ya sāke ma'anar abin. A 1940 jiragen sama biyu, Spitfire da Hurricane, su ne suka tare jiragen Jamus a sararin samaniyar Ingila, har sunayensu suka zama abin alfahari a bakin yaro da babba. BSA na da hannu a wannan aiki, domin shi ya ƙera ɗimbin bindigogi masu sarrafa kansu da aka ɗora a fikafikan jiragen nan. Ya kuma biya farashi mai tsada, don a watan Nuwamba na shekarar aka yi wa masana'antarsa ta Small Heath ruwan bama-bamai, ma'aikata fiye da 50 suka halaka.

Da aka gama yaƙi, sai 'yan kasuwa suka ga cewa wannan alfahari haja ne. A 1957 BSA ya fito da babur mai suna Spitfire, wanda aka yi musamman domin kasuwar Amurka. Royal Enfield ya yi Interceptor, sunan da ake kiran jirgin da ke tare na abokan gāba. Norton ya fito da Commando a 1967, wato sunan sojan ƙundumbala. Saurayin da bai ga fagen fama ba, yana iya sayen ɗan rabonsa na jarumtakar iyayensa, ya hau ya tsere a titi.

Zomo da tattabara

Ƙasashen da aka ci da yaƙi kuwa wata hanya suka bi, ba don sun so ba. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus ƙera jiragen yaƙi, sai kamfanin BMW, wanda injin jirgin sama ne sana'arsa, ya juya ga babur a 1923. Haka aka hana Japan ƙera jirgin sama daga 1945 zuwa 1952. Magajin kamfanin Nakajima, mai jirgin yaƙin nan Hayabusa, ya fito da ɗan ƙaramin babur a 1946, ya kira shi Rabbit, wato zomo. Mitsubishi, mai jirgin Zero, ya kira nasa Silver Pigeon, wato tattabarar azurfa. A Italiya ma, injiniyan jirgin sama Corradino D'Ascanio shi ya tsara wa kamfanin Piaggio babur ɗin Vespa a 1946, ma'anar sunan kuwa zanzaro. Wannan ita ce Vespar da ma'aikatan gwamnati a arewacin Nijeriya suka yi yayinta a shekarun 1970.

Waɗannan ƙasashe ba su da nasarar da za su yi tutiya da ita, amma suna da ƙwararrun da suka saba ƙera injin marar nauyi mai aminci. Honda, wanda aka kafa a 1948, ya fito da Super Cub a 1958, ƙaramin babur na masu zuwa kasuwa da ofis. Ya zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 na irinsa. A 1969 kuma ya shiga fagen manyan babura da CB750, mai silinda huɗu, wanda ake tayarwa da maɓalli ba sai an buga da ƙafa ba. A lokacin baburan Ingila, duk da manyan sunayensu, sun yi ƙaurin suna wajen yoyon mai da jijjiga.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. Royal Enfield ya rufe masana'antarsa ta Redditch a 1967, sauran aikinsa a Ingila ya ƙare a 1970. BSA ya durƙushe a 1973, aka narkar da shi cikin wani sabon kamfani. Ɗaya daga cikin baburan ƙarshe da ya tsara shi ne Hurricane, wanda aka sayar da sunan Triumph, kuma ba a ƙera ko 1,200 ba. Bullet kaɗai ya tsira, shi ma domin tun 1955 aka soma harhaɗa shi a Madras ta ƙasar Indiya, inda sojoji suka fara amfani da shi.

Kammalawa

Al'adar ba ta mutu ba, sai dai ta canza gida. Da Japan ta yi ƙarfi, Suzuki ya fito da Katana a 1981, sunan takobin jaruman ƙasar na dā. A 1996 Honda ya ari sunan Blackbird, jirgin leƙen asirin Amurka mai tsananin gudu. Bambancin shi ne, waɗannan kamfanoni sai da suka kama kasuwa da ingancin aiki, sa'an nan suka ɗauki manyan sunaye.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikacin da ke tsara manufofin masana'antu shi ne, abin da yaƙi ya bari mai amfani shi ne ƙwarewar hannu da ilimin injiniyoyi. Waɗanda suka gāji ƙwarewar suka ci gaba da gyara ta sun ci kasuwar duniya, waɗanda suka dogara ga kirarin 1940 kuwa, cikin shekara 33 masana'antunsu suka watse. Suna linzami ne, amma sai da doki a ƙasa yake da amfani.