Tarihin Kuɗin Haya A Agege: Daga Masaukin Fatake Zuwa Biyan Shekara

Jama'a, duk wanda yake zama a majalisa nan Zangon Agege ya san maganar da ta fi yawa a bakin mutane. Ba ta wuce ta haya ba. Yau ka ji mai gida ya yi wa wane ƙari, gobe ka ji wane ya kwashe iyalinsa ya koma Sango Ota, wani kuma ya mai da su gida Arewa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka iso nan.

Goro ne ya zaunar da kakanninmu a wannan wuri. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege, ta isa Ibadan a 1901, bayan kamar shekara goma ta kai Kano. A lokacin Agege ƙauye ce mai gonakin goro da koko. Fatake suka riƙa sauka suna saye suna ɗaurewa suna turawa Arewa. A wancan zamani baƙo bai san wani abu wai shi kuɗin haya ba. Maigida zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki, shi kuwa ribarsa tana cikin la'ada. Shi ya sa aka gina tsofaffin gidajenmu da ɗakuna barkatai. Don baƙi aka yi su, ba don 'yan haya ba.

To, yaushe ɗaki ya zama abin sayarwa? Wajen ƙarshen shekarun 1950 masana'antu suka fara tsayawa a Ikeja, maƙwabciyarmu. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Legas, Agege ta fita daga Jihar Yamma ta shigo ciki, a 1976 kuma Ikeja ta zama hedikwatar jihar. Ma'aikatan da cikin gari ya fi ƙarfinsu suka kwararo nan neman sauƙi. Masu filaye suka yi ta gina irin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya, wurin girki ɗaya. Ana cikin haka naira ta maye gurbin fam a 1973, sai ga ƙarin albashin Udoji ya biyo baya. Kuɗi ya yawaita a hannun ma'aikata, masu gidaje su ma suka ce sai sun ci rabonsu.

Duk da haka, abin bai kai ya kawo ba. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, amma a lokacin naira ta fi dala nauyi. Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi, har da na Abesan a Ipaja, nan kusa da mu. Gaskiya ɗaya ce, da yawanmu ba mu kula ba. Muna ganin mu baƙi ne, gobe za mu koma. Wanda ya samu kuɗi sai ya yi gini a Kano ko Katsina ko Sakkwato, nan kuwa ya ci gaba da biyan haya, har ya aurar da 'ya'ya a ɗakin wani.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, naira ta kama gangara, siminti da kwano suka yi tsada. A 1990 aka rushe Maroko, dubban mutane suka bazu neman ɗaki. Da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, wasu sun ɗauka haya za ta sauka. Ina! Ko gezau ba ta yi ba. Masu gidaje suka saba da neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga na ejan, ga na yarjejeniya.

Hukuma ta gwada shiga tsakani. Gwamna Buba Marwa ya kafa dokar ƙayyade haya a 1997. A 2011, zamanin Fashola, aka yi dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Amma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, wa zai kai mai gida ƙara alhali kayansa na waje?

Sai kuma ci gaban da ya zo mana da tsada. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema da sabon jirgin Legas zuwa Ibadan, a 2024 kuma jirgin cikin gari na Agbado zuwa Oyingbo ya fara aiki, yana tsayawa a Agege. Kowace sabuwar hanya takan ɗaga darajar unguwa, ta ɗaga haya. Ga janye tallafin mai a 2023. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma da dala ta haura naira 1,500, wannan kuɗi bai kai dala hamsin ba, alhali naira 125 ta 1981 ta kai wajen dala ɗari biyu.

'Yan uwa, darasin a fili yake. Wanda ya mallaki ƙasa shi ke zaune, ɗan haya kuwa kullum a kan hanya yake. Abin da ya rage mana shi ne gidajen gado, su ma magada na sayarwa ɗaya bayan ɗaya, a rushe a yi bene wanda ba ɗanmu da zai iya kama ɗaki a ciki. In aka ci gaba a haka, zango zai saura suna kawai. Don haka magada su yi shawara da dattawa kafin su sayar, masu hali a cikinmu su zama na farkon taya. Masu adashi su haɗa ƙarfi su sayi fili mai takardu. Ɗan haya kuma kada ya biya ko kwabo ba rasit. Kakanninmu sun sauki baƙi kyauta, bai kamata jikokinsu su rasa wurin kwana ba. Allah ya sa mu gane.