Injin da ba shi da buroshi: daga filin tsere zuwa gonakin Kadawa

A shekarun 2000 ne masu tseren ƙananan motocin da ake sarrafawa daga nesa a Turai da Amurka da Japan suka fara watsi da injin lantarki mai buroshi, suka koma wanda ba shi da shi.

Irin wannan injin ne yanzu ke cikin yawancin famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, waɗanda manoman rani a jihar Kano suka fara karkata gare su.

A tsohon injin, wasu ƙananan gutsattsarin gawayi biyu, da ake kira buroshi, su ke gogar sandar da ke juyawa domin isar da wuta ga naɗin waya. Gogar kan haifar da zafi da tartsatsi, kuma sannu a hankali gawayin kan cinye. Masu tsere kan kwance injin bayan 'yan zagaye kaɗan domin gyara shi.

A sabon kuwa, maganaɗisu ne ke juyawa, naɗin wayar na tsaye wuri guda, sai wata 'yar na'ura ta riƙa rarraba masa wuta bi da bi. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka ba ya ɓarnar wuta sosai, kuma ya fi daɗewa. Tun a 1962 injiniyoyi biyu a Amurka, T.G. Wilson da P.H. Trickey, suka bayyana fasahar, amma tsada ta daɗe tana hana ta yaɗuwa.

A Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, na gangarowa ne da kansa ta magudanai, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Sai dai wanda gonarsa ke kan tudu, ko a wajen shirin, dole ya jawo ruwa da inji, galibi mai shan fetur.

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Wannan ya sa hankalin manoma da dama ya koma kan sola.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen gyara. Injin fetur ko mai buroshi, kusan kowane makanike a kasuwa zai iya tayar da shi a yini guda. Idan kuwa na'urar rarraba wuta ta ƙone, galibi sauya ta ake yi baki ɗaya, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita, musamman China. Tumatirin da ya fara fure a zafin watan Maris ba ya jure kwanaki babu ruwa kafin a samo wata daga Kano.