Inuwa: Shaidar da Aka Koya wa Ƙarya

Tun kafin agogo ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa, da inuwa muke sanin lokaci. Malamanmu a Sakkwato sun karantar da mu cewa azahar na shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama, la'asar kuwa idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar ragowar lokacin zawali. Ladan kan kafa sanda, ko ya auna inuwarsa da tafin ƙafa. Idonmu ya daɗe da sanin inuwa, mun kuma ɗauke ta shaidar da ba ta ƙarya.

Da hoto ya zo, sai ya gaji wannan amana. Seydou Keita, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, ya rataya zane a bayansu. Daga baya aka shiga yayin labule mai zanen jirgin sama ko bene, irin wanda Philip Kwame Apagya na Ghana ya shahara da shi a shekarun 1990. Mu ma mun tsaya gaban irin wannan labule a garuruwanmu. Ba wanda aka ruɗa, domin inuwar mutum kan faɗa kan labulen, ta tona cewa benen fenti ne.

Sauya hoto don yaudara kuwa, a da aikin masu mulki ne. A Tarayyar Sobiyet an goge Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, daga hoton da ya ɗauka da Stalin a bakin ruwa, bayan ya faɗi daga mulki aka kashe shi a 1940. Aikin hannu ne na almakashi da burushi da fenti, ƙwararru ƙalilan suka iya shi.

Kwamfuta ce ta buɗe ƙofar ga kowa. A 1990 kamfanin Adobe ya fito da Photoshop, manhajar da 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. A 1994 aka ba ta damar jera hotuna hawa-hawa, wani bisa wani. A 1998 aka ƙara mata inuwar da ake samu da dannawa ɗaya. Sai dai wannan inuwa ta fi dacewa da rubutu. Ta mutum sai an ƙera ta: a kwafi siffarsa, a baƙanta, a kwantar da ita a ƙasa ta ɓangaren da ke baya ga haske, ta yi duhu a gindin ƙafa, ta riƙa dusashewa tana nisa.

Wanda ya yi sakaci da wannan kan sha kunya. A 2011 hukumar gundumar Huili a ƙasar Sin ta wallafa hoton jami'ai uku suna duba sabon titi, ƙafafunsu na shawagi a iska. Duniya ta yi dariya, hukumar ta nemi afuwa. Abin mamaki, sun je titin da gaske, hoton ne aka so a ƙawata. Inuwa kan wanke hoto ma: a 2009 masani Hany Farid ya auna inuwoyin hoton Lee Harvey Oswald riƙe da bindiga, wanda aka daɗe ana cewa jabu ne, ya nuna sun dace da hasken rana guda.

Yau yaro a Gidan Dare zai ɗora mutum a gaban Ka'aba ko kusa da gwamna da wayar hannunsa, manhaja kuma ta zana masa inuwar. Irin wannan hoto kan shiga WhatsApp ya raba aure, ya ɓata suna, ya hura wutar rikici lokacin zaɓe. Tsohon iliminmu yana da sauran amfani: mu duba ko inuwoyin hoto sun fuskanci ɓangare ɗaya, ko tsawonsu ya dace da lokacin da aka ce an ɗauka. Amma rashin inuwa ne kawai ke tona ƙarya, samuwarta ta daina zama hujja. Yanzu dole mu tambayi wanda ya ɗauki hoton, da inda ya fara fitowa, kafin mu tura wa wani.