Yadda Ɗan Ludo Ya Haifi Lissafin Yiwuwa

Duk wanda ya taɓa zama a gaban allon ludo yana jiran shida ta fito, ya san yadda zuciya ke rataya a kan wannan ɗan abu mai fuska shida. Dubban shekaru mutane suka yi suna jefa irinsa, daga Mesofotamiya har zuwa daular Rum, kuma duk yadda ya faɗi sai a ce sa'a ce.

Wanda ya fara zama ya rubuta littafi guda a kan ƙirga wannan sa'ar shi ne Jerolamo Kardano, wani likita ɗan Italiya da caca ta shiga jininsa. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ka ƙirga dukkan hanyoyin da abin zai iya faɗuwa, sannan ka ga nawa ne daga ciki suke ba ka nasara. Ya rasu a 1576, littafin kuwa bai fito ba sai a 1663.

A farkon ƙarni na 17 aka kawo wa masanin kimiyya Galileyo wata tambaya da ta ɗaure wa 'yan caca kai. In an jefa 'ya'yan ludo uku, jimillar 10 ta fi 9 yawan fitowa, alhali kowacce haɗi shida ke samar da ita. Galileyo ya ƙirga faɗuwa 216, wato shida sau shida sau shida, sai ya gano inda gizo ke saƙa. Haɗin 1, 3, 6 yana iya zuwa ta hanya shida, domin kowace lamba tana iya fitowa a kan kowane ɗa. Haɗin 3, 3, 4 hanya uku gare shi, 3, 3, 3 kuwa hanya ɗaya tal. Da ya tara, 10 ta sami hanya 27, 9 ta tsaya a 25. Tazarar biyu cikin 216 ce kawai, amma idon masu jifa dare da rana ya riga ya hango ta.

A 1654 wani Bafaranshe, De Mere, ya kai wa masanin lissafi Belez Paskal tambayoyinsa na caca, ciki har da yadda za a raba kuɗin da aka zuba in wasa ya katse. Paskal ya shiga musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Piya de Ferma, kuma waɗannan wasiƙun ake ɗauka a matsayin tubalin lissafin yiwuwa. A 1657 Kiristiyan Hoigens na ƙasar Holan ya wallafa littafi na farko da aka buga a kai.

Yau da wannan lissafi ake tsara inshora, ake hasashen damina, ake gwada ingancin magani. Ya kuma tabbatar da abin da iyaye suka daɗe suna faɗi: gidan caca a kan riba aka gina shi, wanda ya daɗe a cikinsa hannu rabbana zai fito.