Asibitin Rumfa a Maiduguri

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, Shugaba Shehu Shagari kuma ya buɗe asibitin koyarwarta a 1983. Daga nan ne aikin duba marasa lafiya kyauta ya samo tushe a wurinmu ɗaliban likitanci. Ba mu da gini namu na dindindin irin wanda ɗalibai ke gudanarwa a Amurka. Abin da muka gada daga na gaba da mu shi ne fita unguwa: a yi karo-karo, a roƙi magani wurin masu kyamis, a nemi izinin bulama, a kafa rumfa a filin firamare.

Aikin yana da tsari. 'Yan ƙananan azuzuwa ke rubuta suna da awon jini, manyanmu su ji ƙorafin mara lafiya, amma magani ba ya fita sai cikakken likita ya sa hannu. Ɗalibin da ya iya Barbarci ko Larabcin Shuwa kuwa ba ya samun zama, don kowane tebur kiransa yake yi.

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya sauya komai. Bayan 2014 mutanen Bama, Gwoza da Monguno da rikicin ya raba da gidajensu suka cika sansanonin gudun hijira na Dalori, Bakasi da Muna Garej. Mu da muka saba da zazzabin cizon sauro da tsutsar ciki, sai ga mu da tamowa. Za ka naɗa ma'aunin damtse a hannun yaro, ka ja, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa, uwar tana kallon fuskarka tana cewa, "Likita, yaya?" alhali ko jarrabawar ƙarshe ba ka zauna ba. A 2017 kwalara ta shiga Muna. A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har asibitin koyarwar kansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne bibiya. Dattijo zai zo da hawan jini, a ba shi maganin mako biyu da takardar zuwa asibiti, ga shi kuɗin Keke Napep ma ba shi da shi. Rumfa ta tashi, shi ke nan. A jihar da ciwon ƙoda ya addabi jama'a, wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Da ƙannenmu za su samu ɗaki guda a Gwange ko Bulumkutu, da rajista da likita mai sa ido duk Asabar, da dattijon nan ya san inda zai koma idan maganinsa ya ƙare.