Yadda Allurar Sinawa Ta Iso Wuyan Mai Haɗarin Mota

Duk wanda aka taɓa daka wa mota ta baya ya san wannan ciwo. Ka fito babu jini, babu karaya, kana ta hamdala, washegari wuya ya ƙi juyawa. A ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce bai ga komai ba. A 1928 wani likitan ƙashi Ba'amurke, Harold Crowe, ya kwatanta abin da kaɗawar bulala, saboda yadda kai ke fizguwa baya ya dawo gaba. Irin wannan ciwo da hoto ba ya nunawa yana cikin abin da ke kai mutane wurin masu tsira siraran allurai irin na Sinawa.

Sana'ar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Littafin Huangdi Neijing ya yi bayaninta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ɗaruruwan ramuka don koyar da ɗalibai. An ce akan cika shi da ruwa, a toshe ramukan da kakin zuma. Ɗalibi ya tsira, in ya dace ruwa ya ɗigo, in ya kuskure allura ta ci karo da tagulla. Amma a gida ma ba kullum take da daraja ba. A 1822 Sarki Daoguang ya kore ta daga makarantar likitocin fada, sai bayan 1949 gwamnatin Mao ta sake ɗaga ta, a ƙasar da likitocin zamani suka yi wa jama'a kaɗan.

Ta hanyar wani ɗan jarida ta yi suna a Amurka. A Yulin 1971 James Reston na jaridar New York Times yana Beijing sai afendis ya kama shi. Aka yi masa tiyata da maganin kashe zafi na asibiti, daga baya da ciki ya dame shi aka tsira masa allurai, ya samu sauƙi, ya rubuta labarin. Har yau muna jin masu cewa da allura kaɗai aka tsaga shi, ba haka aka yi ba. Nixon ya ziyarci Sin a Fabrairun 1972, sha'awar ta ƙaru. Daga baya kuɗin inshora suka biyo: tun 2019 hukumar inshorar motoci ta lardin British Columbia a Kanada tana biya wa wanda ya yi haɗari zama 12 na allura cikin makonni 12 na farko.

To, tana aiki? Jamusawa sun gwada a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya su 1,162, aka buga sakamakon a 2007. Kashi ɗaya aka yi musu allura bisa ƙa'ida, kashi na biyu aka tsira musu sama-sama a wuraren da littafi bai ambata ba, na uku aka bar su da ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida kusan kashi 48 cikin ɗari na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu 44, na uku 27. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, in muka hargitsa wani sashe kuma sakamako bai sauya ba, mukan fara zargin cewa dama ba sashen ke aikin ba. Nan ne ramukan Wang Weiyi suka shiga tuhuma. Wataƙila tsirawar ce ko a ina aka yi ta, wataƙila rabin sa'ar da mutum ke yi a kwance ana kula da shi yana sa ran warkewa. Ciwon baya aka auna, ba na wuya ba, kuma allura ba ta ɗora ƙashi ko tsayar da jinin da ke zuba a ciki.

Hukumomi sun karanta irin waɗannan alƙaluma sun rabu. Jamus ta amince inshorar lafiya ta riƙa biyan kuɗin allura ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce a daina bai wa masu ciwon baya ita, tunda ba ta fi ta bogi ba.