Bututun da Ya Fito Daga Marina

A shekarar 1957, wata babbar marina a birnin Basel na ƙasar Suwizalan tana fama da matsalar da duk marini zai gane da jin farko. A jikin manyan sandunan katako ake naɗe yadin da ake rinawa, katako kuwa ba ya jure jiƙa da sinadari kullum. Sai ya tsage, ya sha launin jiya ya shafa wa yadin yau, sartsensa ya kama ƙyalle mai tsada ya yage. Injiniyoyin marinar suka nemi abin da zai maye gurbinsa. Suka zuba zaren gilashi da ruwan ƙaron roba a cikin wani zubi mai kama da ganga, suka sa inji ya juya shi da gudu har kayan suka manne a bango suka daskare. Abin da ya fito dogo ne, mai santsi, mai rami a tsakiya, ruwa ba ya cin sa. Ba su daɗe ba suka lura cewa bututu suka ƙera. A 1961 aka shimfiɗa irinsa a kwarin Binn don kai ruwa tashar lantarki, kuma daga nan kamfanin Hobas ya samo asali.

Ina son wannan labari domin masu rini ne, ba masu ƙera bututu ba, suka buɗe ƙofar. Amma ba su ne na farko ba.

Shi kansa zaren gilashin, wanda masu gyaran mota da kwalekwale ke kira faiba, kuskure ne ya kawo shi kasuwa. A 1932, wani matashin ma'aikacin kamfanin Owens-Illinois a Amurka, Dale Kleist, yana ƙoƙarin liƙa tubalan gilashi, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashi ta mayar da shi siraran zaruruwa. Shugabansa, Games Slayter, ya ga amfanin abin, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning don ƙera shi. Zaren yana da ƙarfin ja, amma shi kaɗai ba ya tsayuwa. Ƙaron roba kuma yana riƙe siffa, amma shi kaɗai tsagewa yake yi. Da aka haɗa su, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Masu haƙar mai ne suka fara sayen bututun faiba, tun daga 1948. Rijiyar mai idan ta tsufa, ruwan gishirin da take fitarwa yakan fi ɗanyen man yawa, wani lokaci haɗe da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ruwa cin ƙarfe yake yi kamar gara da itace. A Oklahoma kamfanin Fibercast ya shiga sana'ar, daga baya A. O. Smith ya fito da bututunsa mai suna Red Thread, Ameron kuma da Bondstrand. Bututun ya fi na ƙarfe tsada a lokacin, amma mai rijiya da ya gaji da tono da faci ya yi lissafi ya ga gara ya biya sau ɗaya.

Bayan juyi a cikin zubi, hanyar ƙira ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa a yau, naɗi ce. Ana jiƙa zaren a cikin ƙaro, a naɗa shi a jikin doguwar sandar ƙarfe mai juyawa, kamar yadda mai kaɗi ke tara zare a mazari, sannan a gasa, a zare sandar. Masu ƙera makamai masu linzami na Amurka sun taimaka wajen gyara wannan dabara, domin da ita aka yi gangar injin wasu sassan Polaris da Minuteman a farkon shekarun 1960. Akwai hikima a kwanciyar zaren. Matsin ruwa yana neman fasa bututu ta gefe da ƙarfin da ya ninka wanda yake jan sa ta tsawo sau biyu. Shi ya sa ake karkata zaren da kusurwa wajen digiri 55, inda zai ɗauki nauyin biyu daidai gwargwado. Mai bututun ƙarfe ba shi da wannan zaɓi; ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne ta kowane ɓangare. Mai naɗi kuwa shi ke ajiye ƙarfi inda ake bukatarsa.

Sauran matsalar tsawo ce, domin bututu ba ya wuce tsawon sandar da aka naɗa shi a kai. Wani ɗan Denmak, Frede Drostholm, ya warware ta da injin da sandarsa ɗamarar ƙarfe ce mai zagayawa tana matsawa gaba, tana komawa ta ciki ta sake farawa. Bututu sai ya riƙa fitowa ba yankewa, zarto na datsa shi mita 6 ko 12. A garin Sandefjord na Norwe aka raini wannan fasaha har ta zama Flowtite. Tsakanin shimfiɗun zaren ana zuba yashi mai tsabta don bangon ya yi kauri ba tare da tsada ba, kuma a yau ana ƙera mai faɗin mita 4.

Inda bututun ya fi samun karɓuwa shi ne ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Ƙasarsu gishiri gare ta, ruwan shansu daga teku ake tace shi, kuma zafi yana sa iskar magudanar ƙazanta ta rikiɗe ta zama ruwan batir mai cin siminti. Kamfanin Amiantit, da aka kafa a Dammam a 1968 yana yin bututun siminti mai asbestos, shi ne ya sayi Flowtite daga Owens Corning a 2001. A 2017 reshensa na Turai ya haɗe da na Hobas suka zama Amiblu, wato zuriyar marinar Basel da ta injin Drostholm suka koma gida ɗaya.

Sai dai masu talla ba su cika faɗin rauninsa ba, kuma a ganina nan ne ya kamata mai saye ya kasa kunne. Nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na bututun baƙin ƙarfe ba, wannan sauƙi kuma shi ke sa leburori su jefo shi daga mota. Buguwa ɗaya kan bar tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Ga shi kuma yana lanƙwasa, saboda haka ƙasar da ke gefensa ce ke tallafe shi. Idan ɗan kwangila ya yi ha'inci, ya tura duwatsu da laka a ramin maimakon yashi da tsakuwar da aka daddaɓe hawa hawa, bututun zai baje a hankali har ya fashe, laifin kuma ya koma kan masana'anta. Shi ya sa bayan an rufe rami injiniya ke auna cikinsa daga sama zuwa ƙasa. Idan faɗin ya ragu fiye da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, sai a tone a sake binnewa.